Shekarar da Muka Yi Watanda da Kuɗin Na'ura

Ni ce mai na'urori a ƙungiyarmu ta matan man gyaɗa, kuma ba ilimi ya ba ni kujerar ba, rashin tsoro ne. Ranar da aka kawo ordinata, wato kwamfuta, biro ɗinmu na Matamaye, ofishin ƙungiya ke nan, mata suka ja da baya kamar an aje musu kububuwa a kan tebur. Ni na ja kujera na zauna na danna. Lokacin ban daɗe da gama karatun manya ba. Na shiga aji ina da jikoki, ina riƙe alli kamar mai riƙe muciya, amma da baƙi ya shiga kaina bai sake fita ba, kuma tun daga nan duk abin da ke da rubutu a jiki sai na san me yake cewa. Hajiya shugabarmu ta dube ni ta ce tun da ba na jin tsoronta, to in riƙe ta, in haɗa da duk wani abu mai waya ko maɓalli da ƙungiya ta mallaka.

Dukiyar tawa ba ta da yawa. Ordinatar nan, wadda ta zo mana tsohuwa, da zafi sai an yi mata fifita kafin ta yarda ta yi aiki. Sikeli mai nuna lamba. Salula ɗaya a kowane reshe. Sai tsohon injin niƙa mai shan gazuwal, mai tari kamar wanda ya tsufa a bakin taba. Amma ina son su, ba zan ɓoye ba. Da safe in na buɗe biro na ji ordinata ta yi ƴar ƙararta ta tashi, sai in ji kamar an naɗa ni sarauta.

Ƙungiyar da tukunya da murhu muka fara ta, a tsakar gidan Hajiya. Ta girma har ta yi rassa huɗu: mu na Matamaye, da Ɗan Barto, da Dawce, da Yauri. Manmu yana zuwa Damagaram a jarkoki, ƙuli-ƙulinmu a leda da tambarinmu a jiki. Abin da ke karya mu ɗaya ne, niƙa. Inji ɗaya ne, yana Matamaye. Matan ƙauyukan sai su soya gyaɗa su loda a mota su kawo, su yini a layi, in injin ya yi fushi su koma da kayansu su shiga turmi. Mazan da rani duk suna Kano da Legas, ba mai kama musu buhu. Na ga mace da goyo tana dakan gyaɗa har tafin hannunta ya yi kanta ya fashe, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba.

A Damagaram na ga maganin abin. Mun kai mai, direba ya tsaya a wata unguwa, sai na ji inji yana niƙa ba hayaƙi ba tari, wata ƴar ƙara kawai kamar ta zuma a amya. Na sauka na bi wayar da ido, na ga ta hau rufi ta shiga wasu faranta baƙaƙe masu ƙyalli. Mai wurin ya ce pano ne, rana suke sha, batir ya tara, inji ya juya. Na sa shi ya kashe ya kunna, ya sake kashewa ya kunna, har ya gaji ya ce, Inna, in za ki saya ki saya. A hanyar dawowa ban bar direba ya ji rediyo ba. Rana fa. Abin da muke gudu muna laɓewa a gindin dogon yaro, ashe mai niƙa ce ba mu sani ba.

Kowace shekara in an rufe ciniki, akan ware wa kowane fanni kasonsa: na sayen gyaɗa, na jarka da leda, na mota. Shekarar nan aka fara ware na na'urori, saboda na dame su da maganar har suka gaji. Da ma'aji ta faɗi kason na gyara zama, don na riga na tambayi Malam mai sola na bakin kasuwa, na san in an ɗan matsa za a samu abin da nake so. Ina shirin buɗe baki sai Hajiya ta ce, to, a raba huɗu.

Haka muke yi, kuma ba yau ba. Mu mutanen watanda ne. Duk Sallah mata kan haɗa kuɗi a sayi sa, mahauci ya yanka ya kasa, kowane kaso da tsokarsa da ƙashinsa da ƴar hantarsa, wata ta juya baya ana nuna kaso tana kiran mai shi, don kada a ce an zaɓa wa wata. Da wannan Hajiya ta riƙe ƙungiya tun farko. In an sami kyautar sabulu, a raba huɗu. Buhun gishiri, a raba huɗu. Ba a taɓa jin wata ta ce an cuce ta ba. Na yi magana ranar, amma maganar tawa ba ta fi kukan sauro ba. Ma'aji ta kasa kuɗin a kan tabarma, kowane reshe ya ɗaure nasa a bakin zane, aka yi fatiha.

Abin da ya biyo baya abin dariya ne, in ba ke ya shafa ba. Matan Dawce sun ji ni ina zuba labarin pano, suka sayi pano, kuɗi ya ƙare. Matan Yauri suka ce su ba za su sayi abin da ƙanƙara za ta fasa ba, suka sayi batir biyu manya. Matan Ɗan Barto, da yake suna bakin iyaka idonsu na ganin kaya, suka sayi firigo na hannu don su riƙa sayar da zoɓo mai sanyi, alhali ba su da wutar da za su ba shi. Kasonmu na Matamaye kuwa tsohon inji ya haɗiye shi a gyara guda, ya yi gyatsa, ya ci gaba da tari.

Duk shekarar ina zagaya rassa ina gani da idona. A Dawce pano sun zama mashanya. Kuɓewa da tattasai suna bushewa a kai da wuri, matan har yaba su suke yi. A Ɗan Barto firigo ya zama rumbun ƙuli-ƙuli, sun ce ɓera ba ya iya shiga, kuma gaskiyarsu ce. A Yauri an lulluɓe batir da zane an tura ƙarƙashin gado. Shugabar reshen Yauri taubashiyata ce, ƴar kawuna, bakinta ya fi reza. Duk zuwana sai ta ɗage zanen ta ce in gai da yaran, suna nan lafiya, ba sa ci ba sa sha ba sa kuka. In koma gida ina cizon yatsa.

Shekarar da ta biyo ta zo da ƙunci. Gyaɗa ta yi tsada, jarka ta yi tsada, gazuwal ya yi tsada. Ma'ajinmu mace ce mai amana, amma hannun jarirai gare ta, kuma a shekarar tana da hujja. Ta kira ni tun kafin taro ta ce kason na'urori zai ragu, kada in ce ba ta faɗa mini ba. Ta ce da don ta ita ce ma da an soke shi, tun da ba ta ga ko cokali ɗaya na mai da kayan bara suka ƙara mana ba. Gaskiya ta faɗa.

Kason ya ragu, masu buƙata suka ƙaru. Hajiya ta je wani baje koli a Damagaram ta dawo da zazzaɓin buɗe shago a cikin salula, wai mutum yana Yamai zai ga manmu ya saya. Ta kuma ga abin nan da ake tambaya a waya ya rubuto wasiƙa da Faransanci tsaf, ta ce lalle mu ma a sa mana. Na gwada shi a wayarta, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya tafi da hankalina. Na tambaye shi yadda ake hana mai saurin ɓaci, ya yi ta bayani kamar wanda aka haifa a gindin murhu. Matan rassa kuma suna son sababbin salula, nasu sun tsufa, sai an hau tudu ake samun rezo a yi kira. Direba yana son a sa wa motarsa wani abu mai nuna hanya, shi da ya san kowane rami daga nan zuwa Kance. Ni kaina ina son sabuwar ordinata, so irin na yarinya da sabon zane. Na je shago na shafa ta har mai shagon ya san ni. Duk wadda ta gamu da ni a hanya sai ta ja ni gefe ta ce kada in manta da ita, kamar ni ke buga kuɗin.

Na zauna na yi wa kaina hisabi. Shago a salula zai kawo masu saye, to me za mu sayar musu in ba a niƙa ba? Mai rubuta wasiƙa ba zai ɗauke taɓarya daga hannun kowa ba. Sabuwar ordinata daɗin raina ce kawai. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Abu ɗaya ne: injin rana, cikakke, a wuri ɗaya, kafin kaka. Malam mai sola ya ce kason bana shi kaɗai ba zai isa ba, amma in aka haɗa shi duka da panon Dawce da batir ɗin Yauri, zai kafa mana ƙaramin inji mai aiki. In kuwa aka sake raba huɗu, ya ce, sai dai mu sayi fitilu. Ga ma'aji ta riga ta rantse in bana ma ba a ga komai ba, baɗi babu kason na'urori.

Na sami Hajiya a gida. Ta girme ni, ita ta jawo ni ƙungiya, amma ni ban iya zagaye-zagaye ba. Na faɗa mata ƙiri-ƙiri. Ta saurara har na gama, tana jan carbi.

"Ƙanwata," ta ce, "kin san abin da ya hana ƙungiyar nan watsewa? Ba a taɓa ba wata tsoka aka ba wata ƙashi ba. Ranar da kika kwashi kason gari huɗu kika aje a gari ɗaya, ranar za ki ga bayan sauran ukun."

Na ce, "Hajiya, sa ake yankawa a raba kowa ya ci. Inji in an yanka shi ba mai ci. Bara mun yanka, ga kai a Dawce, ga ciki a Yauri, kowa na riƙe da nasa yana jin yunwa."

Ta yi dariya, amma ba ta sauko ba. Ta ce in kai maganar gaban taro. In mata sun yarda ita ba ta hanawa, in sun ƙi kada in sake tayar da ita.

Na san matanmu. Baki ba zai ci su ba, kowace ta fi ni baki. Gani ya kori ji. Na koma wurin Malam na tambaye shi: panon Dawce, batir ɗin Yauri, firigon Ɗan Barto, in an haɗa su wuri ɗaya za su yi sanyi? Ya ce za su yi, in an sa musu wasu akwatuna biyu a tsakani, ɗaya mai tsare batir, ɗaya mai juya wuta. Na ce ya ara mini na yini ɗaya. Ya gane in abin ya yi kyau aikin nasa ne, ya ce shi da kansa zai zo ya haɗa.

Karɓo kayan shi ne yaƙin. Na bi motar da ke kwaso mai daga rassa. A Dawce sai da na jira aka kwashe kuɓewa, tsohuwar da ke shugabantarsu ta sa na rantse zan dawo da su ba tsaga. A Ɗan Barto aka juye ƙuli-ƙuli a kwando, aka haɗa ni da mata biyu su raka firigonsu, suna riƙe da shi a bayan mota duk ramin da muka faɗa suna salati. A Yauri taubashiyata ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, ta ce baiwa ba ta ɗaukar kayan uwargijiyarta sai da dalili. Na ce ta zo taro za ta sha dalili. Ta ba ni ne don ta ga na kunyata, kuma da bakinta ta faɗa.

Ranar taro bazara ce sosai, irin wadda ƙadangare ke gudu a kan yatsu. Tun da safe Malam ya jingina pano a bangon biro suna kallon rana, ya shiga haɗa wayoyi, ina riƙe masa, ina tambaya, yana amsawa har ya koma amsawa da kai. Da ya sa ma'auninsa a jikin batir sai ya tsuke baki. Ɗaya ya mutu. Zaman ƙarƙashin gado ya kashe shi. Ya ce batir in ba a ba shi wuta, ba a kuma jan ta, mutuwa yake yi. Na tambaye shi ko ɗayan zai iya. Ya ce mu gwada.

Ya danna. Shiru. Sai firigo ya yi wata ƴar girgiza kamar wanda aka tasa daga barci, ya kama gurnani a hankali. Na ɗora kunnena a jikinsa. Na haihu, na aurar, na ga abin farin ciki a duniya, amma gurnanin firigon nan yana cikin waɗanda ba zan manta ba. Na cika shi da ruwa da zoɓo a leda, na rufe, na zauna a gabansa ina gadi, duk wadda ta miƙo hannu in buge.

Bayan azahar mata suka cika gindin dogon yaro, kowane reshe a tabarmarsa, ana fifita da bakin mayafi. Ma'aji ta faɗi abin da za ta faɗa, fuskoki suka yi tsami da jin kaso ya ragu. Hajiya ta ce mai na'urori tana da magana. Na buɗe firigo na shiga rabo.

Sai ƙarar tsotso ta cika wurin. Tsohuwar Dawce ta manna ledar a goshinta ta lumshe ido. Wata daga Ɗan Barto ta tashi ta zagaya firigon tana shafa shi tana cewa ashe haka kake. Sai na ce musu wannan sanyin ba nawa ba ne, ban sayi komai ba. Pano na Dawce ne, batir na Yauri, firigo na Ɗan Barto, shekara guda suna zaune kowa a garinsa. Na gaya musu batir ɗaya ya mutu da zaman. Sannan na faɗi abin da nake so: kason bana kada a raba, a haɗa shi da kayan bara a kafa injin niƙa na rana a gari ɗaya.

Na ɗauka sanyin zai kwantar da su. Tayar da su ya yi. Da can ba wadda ta damu da kayanta, yanzu da suka ga yana aiki kowa ta ga dukiya. Matan Ɗan Barto suka ce tun da firigo nasu ne, a bar musu pano da batir. Matan Dawce suka ce rana dai ta panonsu ta shiga. Wata ta ce dama an san gari ɗayan da ake nufi, Matamaye ce, kullum ƴan birni ke cin tsoka. Wasu har sun fara naɗe tabarma. Na dubi Hajiya. Ba ta ce ai ta faɗa mini ba, amma carbin ya tsaya a hannunta. Ga ƙungiya tana tsagewa a gabana, kuma ni na kawo wuƙar.

Taubashiyata ce ta miƙe. Na ce a raina shi ke nan, ta sami abin da ta zo nema. Ta gama tsotse zoɓonta tukuna, ba gaggawa, ta share baki.

"Baiwar nan tawa ta iya haɗa waya, ba ta iya haɗa mata ba," ta ce. "Wa ya taɓa sayen gado da watanda? Gado da adashe ake sayensa. Kowa ta zuba, ɗaya ta kwashe duka. Bana gari ɗaya, baɗi wani, har ya zagayo. Me ya yi wuya a nan?"

Mata suka shiga auna maganar a zuci. Babu wadda ba ta taɓa adashe ba a cikinmu. Da shi muka yi kwanoni da katifa da awaki. Ba wadda ke jin an cuce ta don wata ta riga ta kwasa, tun da ta san nata na zuwa. Waɗanda suka naɗe tabarma suka warware. Ni kuwa ji nake kamar in ɗauki matar nan in goya, duk da nauyinta.

Amma adashe yana da uwa, kuma a wurinmu uwar adashe ita ke kwasar fari. Matar da ta yi maganar ƴan birni ita ta tayar da wannan. Uwar adashen nan ni ce, ba makawa, ni kuma ƴar Matamaye. Idanu suka dawo kaina. A Matamaye nake so a kafa shi, ba zan musa ba. Na riga na zaɓi inda pano za su hau a rufin biro, na riga na ga kaina ina kunna shi kowace safiya. Tsohon injinmu kuma ba tabbas zai kai baɗi. Amma na san in na buɗe baki na ce Matamaye, magana ta mutu.

Na ce, "Matamaye ce ƙarshe. Mu muna da mai tari, za mu lallaɓa shi. Ku ukun ku ja tsinke."

Matan garinmu suka yi mini wani kallo da har yau wasu ba su janye ba. Shagon Hajiya na salula da mai rubuta wasiƙa duk sun koma ƙarshen layi, tare da sabuwar ordinatata. Sai ta ƙara sharaɗin da ban yi tunaninsa ba: garin da ya kwashi fari zai riƙa niƙa wa sauran rassa kyauta, in kuma ya ƙi zubi baɗi a zo a kwance injin. Aka ce an yarda. Na ce to ma'aji ma ta faɗa a gaban jama'a cewa kason na'urori ba zai mutu ba sai adashe ya zagayo. Ta harare ni, ta faɗa.

Hajiya ta karya tsinken tsintsiya uku, ɗaya dogo, ta dunƙule a hannu. Taubashiyata ta fara ja, tana murmushin wadda ta san rabonta. Gajere. Ɗan Barto suka ja, gajere. Tsohuwar Dawce ta zaro dogon ta riƙe tana kallonsa kamar ba ta gane ba, sai matanta suka ɓarke da guɗa.

Nan wani tsoro ya sake kama ni. Batir mai rai na Yauri ne, in babu shi duk abin da Malam ya tsara ya rushe. Mai shi ta kawo shawara, kuma ita ta ja gajere. Na ga ta nufi batir ɗin ta tsaya a kansa. Ta warware zanen da ta zo da shi don ta naɗe kayanta, ta dube shi, ta yafa a kafaɗa.

"Inna," ta ce wa tsohuwar Dawce, "ga ɗana nan na ba ki riƙo. Ki ba shi rana ya ci, a wurina yunwa ta kashe ɗan'uwansa."

Sannan ta juyo ta ce mini in sani, baɗi da tsinke ko ba tsinke ita ce, in ba haka ba za ta kai ni kasuwar Kance ta sayar.

Damina ta zo mini da gudu. Mutuwar batir ɗaya ta ci wani abu daga kason, har sai da muka haƙura da rumfar kwano, matan Dawce suka yi ta zana da hannunsu. Malam ya ce motar injin, wato abar da ke juya shi, sai an kawo daga Kano, na zama kamar ƴar shagonsa, kullum ina bakin ƙofa, har in ya hango ni sai ya ce tana hanya tun ban gaishe shi ba. Na sa ya koya mini yadda ake wanke pano, da yadda ake gane batir ya ƙoshi, na je na koya wa matan Dawce, na ce duk wadda ta sake shanya kuɓewa a kai ni da ita ne. Firigo ya koma Ɗan Barto ya ci gaba da tsaron ƙuli-ƙuli, sai dai yanzu goge shi suke yi. A Matamaye kuwa duk ranar da tsohon inji ya ƙi tashi, mata su ce mini in tafi Dawce in niƙo musu, tun da ni ce mai kyauta da abin mutane. Maigidana da ya dawo noma ya ji labari, ya ce bai taɓa ganin uwar adashen da ta sa kanta ƙarshe ba, ko dai karatun ne ya taɓa ni. Na ce ya taɓa ni, kuma bai gama ba.

Sai da sabuwar gyaɗa ta shigo aka gama. Ranar na isa Dawce tun hantsi, na tarar da garin ya taru, har da liman da masu rake da suka bar kayansu. Pano suna kan rufi suna ƙyalli. Malam ya ce wa zai kunna. Na san ladabi shi ne in ba tsohuwar gari, amma ban ba kowa ba. Na ba da gari, na ba da fari, wannan kam nawa ne. Na yi bismilla na danna. Ƙarar nan ta zuma ta tashi. Aka zuba soyayyar gyaɗa a baki, ƙullu ya fara zubowa da ɗuminsa yana sheƙi, ƙamshi ya cika rumfar. Ba hayaƙi. Mutum na iya magana a ji shi. Tsohuwar ta kama rawa da sandarta, ni ina tsaye hannuna a jikin injin ina jin yana motsi, bakina ya ƙi rufuwa.

Ana cikin haka mota ta tsaya a bakin hanya. Matan Yauri ne, taubashiyata a gaba da buhu a ka. Ta ratsa layin matan Dawce ba ko sannu, ta dire buhun a gabana, ta ce sharaɗi sharaɗi ne, kuma uwar batir ba ta bin layi. Tsohuwar ta ce a bar ta. Na zuba mata.

Ta sa yatsa ta lakato ƙullun, ta murza, ta ɗanɗana. Ta ce bai yi laushi ba, in ƙara matse injin. Na ƙara. Ta sake lakata, ta daɗe tana murzawa. Ta juya ta ce wa matanta su sauko da sauran buhunan.